Rigar Tseren Lalla Ijja

"A'a, maigida! Sannu da zuwa. Yau teku ta sallame ka da wuri, ko kifaye ne suka gaji da ganin fuskarka?"

"Ina yini, tsohuwa? Ya ƙarfin jiki? Ko da yake ban ga jikin ba, balle ƙarfin."

"Jiki alhamdu lillahi. Ya zaman banza?"

Lalla Ijja tana tsaye ne a tsakiyar wani kantin kayan wasanni da ke bayan titin bakin teku a Agadir, riguna da wanduna rataye a kafaɗarta kamar dillaliya. Ta haura sittin, ta yi ritaya daga koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata. Kwanaki kaɗan suka rage a yi babban tseren nan mai hawa uku: a yi iyo a teku, a fito a hau keke a shiga duwatsu a dawo, a sauka a kama gudu, tun fitowar rana har ta yi sanyi, duk cikin kaya ɗaya. Ta riga ta ba da sunanta. Bara waccan likitoci suka cire mata nonon hagu, suka bar mata tabo tun daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata. A gida ba mai ambaton wannan magana. Sai dai duk inda ta juya a turo mata matashi, a ce ta zauna ta huta.

Wanda ya shigo ɗin Anir ne, jikanta na fari, ɗan babban ɗanta Lahsan. Aikinsa koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a kan katako a gaɓar Tagazut. Tun da ta hango ledar da ke hannunsa ta san aiko shi aka yi.

"Me ka riƙo mini? Lefen da ka kasa kawowa tun kana rarrafe?"

"Saƙon Baba ne." Ya zazzage ledar a kan teburi. Riga da wando ne na auduga, masu kauri, launin toka. "Ya ce in dai motsa jiki kike so, ga kaya na mutunci. Ki riƙa takawa a bakin teku da safe tare da sa'o'inki, a gaisa, a yi gulma, a dawo a sha shayi. Zancen tsere kuma a bar wa masu haƙora."

Ta ɗaga rigar da yatsa biyu.

"Wannan riga ce ko buhun siminti? Ubanka so yake ya ci gado da wuri? In na shiga teku da wannan, sai ta sha ruwa ta ja ni ƙasa, sai dai ku nemi gawata a Sifen."

"Ai Sifen ba za su karɓe ki ba, ba ki da biza."

"Kai da bizar, ina ka taɓa zuwa? Kullum kana kwance a kan katako kamar kifin da aka shanya."

"Ni dai ɗan aike ne. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, tsohuwa."

"Wa ye kwandon? Ni na koya wa ubanka iyo, yana ihu yana riƙe mini wuya. Kai kuwa ranar da na fara tsoma ka a teku, sai da ka ƙara mata ruwa."

Najat mai kanti ta sunkuyar da kai tana gyara akwatin da ba ya bukatar gyara.

Anir ya zaro wani dogon wando daga kafaɗar kakarsa, ya matsa mazauninsa.

"Wannan kuma fa? Katifa aka ɗinka a ciki? Ashe har kin kai shekarun nafkin ba a gaya mini ba?"

"Soso ne, jahili, don kujerar keke. Kuma ajiye shi, ya yi kauri. Sai ya sha teku ya ƙoshi, in zo gudu ina tafiya kamar agwagwa. Ga mai siririn soso nan, shi na ɗauka."

"To wannan da aka haɗe riga da wando fa, kamar kayan jarirai? In bayan gida ya kama ki a tsakiyar duwatsu, sai kin tuɓe gaba ɗaya awaki suna kallo?"

"Shi ya sa na raba su, riga daban, wando daban. Kai, ashe akwai wani abu a kan nan ban da gishiri."

"Aljihun bayan nan kuma na mene ne? Na ajiye haƙoran roba?"

"Na dabino ne, da ɗan ƙullin amlu, kwaɓin nan na gyaɗar almon da zuma. Yini guda zan yi a hanya."

"Yini guda? Ki dai ce mako. Ranar da za ki iso, an kwashe tutoci, an share titi, wanda ya zo na ɗaya ya yi aure ya haihu."

"Sannu ba ta hana zuwa. Riƙe mini jaka."

Ta shige bayan labule da baƙar riga ta mata mai dogon hannu, wadda Najat ta ce ita ake yayi. Rigar ta zauna daidai, ba nauyi, ba sako-sako. Ta ja zif ɗin har wuya, ta gyara hular kanta, ta fito tana taku ɗai-ɗai.

"La ilaha illallahu," in ji Anir. "Hankaka ta yi azumi."

"Hassada ga mai rabo taki. Matsa ka ga iyo."

Ta wurga hannun dama sama, ya zagayo kamar fanka. Ta wurga na hagu. Yana kaiwa daidai kunne, ɗinkin da ke ƙarƙashin hammata ya kwanta a kan tabon, ya ja kamar an goga mata bakin wuƙa. Hannun ya tsaya a sama. Irin wannan ɗinkin ne ya fasa mata fata makon jiya a wajen atisaye, gishiri ya shiga ciki, ta dawo gida ta wanke jinin da kanta, ba ta gaya wa kowa ba. Wurgi ɗaya ke nan. A teku kuwa sai ta yi dubbai.

Ba ta yamutsa fuska ba. Amma yaron da yake yini yana kallon hannuwan masu koyon iyo ba ya bukatar a gaya masa. Ya yi shiru. Shirun nan ya fi ɗinkin yi mata zafi, don shi ne shirun da ya cika mata gida.

"Yi magana mana. Ko harshen ya faɗa ruwa?"

"Kaka..."

"Kada ka kaka ni. Ɗazu ba tsohuwa ba ce?"

"Baba ba don mutunci ya aiko ni ba. Tsoro yake ji. Jiya bai ci abinci ba."

"Ya yi masa kyau, tumbin zai ragu." Ta sauke hannun a hankali. "Likitata ta duba ni ta sa hannu. Ita ta yanka, ita ta san abin da ta bari. Saurara, Anir. Wata da watanni ana tuɓe ni ana sa mini rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ba wanda ya taɓa tambayata ko ta yi mini. A juya ni nan, a juya ni can, in ce na gode. Na fito, ubanka ya ɗora da nasa, yanzu har da aiko mini da buhu. To wannan rigar ni zan zaɓe ta. In na nutse, a cikin zaɓina na nutse. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Anir ya ajiye jakarta. Sai ya wuce can ƙarshen kanti. Tana kallonsa yana sauko da riguna ɗaya bayan ɗaya, yana juya cikinsu waje, yana bin ɗinkin da babban yatsa yana mayarwa. Can ya dawo da wata mai launin lemo, mai kashe ido.

"Ungo. Wannan ɗinkinta ta baya ya bi, hammatar sumul take, ba zare ko ɗaya. Irinta nake sawa tun da tawa hammatar ta zama kilishi."

"Wannan? Ni ce ma'aikaciyar gyaran titi? Ko lemon garin Tarudan ka ga na yi kama da shi?"

"Lemo da daɗi. Ke dai tsamiya."

"Ba zan sa ba. Sai jiragen kamun kifi su ɗauka alama ce su ɗaure igiya a jikina."

"Ai shi ne amfaninta. Mutum ɗari-ɗari cikin ruwa, duk baƙaƙe. Ta yaya zan gane matata in ta fara shan teku?"

"Lalla," in ji Najat a hankali, "ai wannan daga ɓangaren maza ya ɗauko ta."

Lalla Ijja ta dubi rigar, ta dubi ƙirjinta.

"To sai me, 'yata? Ai rabin ƙirjin nan ya riga ya koma wajen maza. Bari rigar ta bi shi."

Najat ta toshe baki da hannu biyu. Anir ya yi ƙoƙarin daurewa, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa har ya dafa teburi, hawaye na zuba, ba a san na wanne ba ne. Tun da aka yi mata aikin, yau ne karon farko da aka yi dariya a kan maganar a gabanta. Ta fizge rigar ta koma bayan labule.

Ta fito sanye da rigar. Ta wurga hannun hagu. Ya wuce kunne, ya zagayo. Ta sake. Ta sake, da ƙarfi, har sai da Najat ta janye kwalbar furen da ke kan teburi. Ta duƙa kamar mai riƙe da kan keke, ta miƙe, ta yi gudu a tsaye. Babu abin da ya cije ta.

"Yaya?" in ji Anir.

"Mummuna ce. Kamar wanda ya zaɓo ta."

"A mayar ke nan?"

"Taɓa ta ka gani, in ban karya maka yatsa ba."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Na sallama. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Najat, a naɗe mata har da wandon, ni zan biya. Kada a ce mijin Lalla Ijja ya bar ta ta shiga teku da tsumma."

"Yau kuma? Najat, leƙa waje ki gani ko rana ta fito daga yamma."

Ya ciro waya ya kira ubansa, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Baba, an ci mu da yaƙi. Na isar da saƙo, an kama ɗan aiken, har an sa shi biyan fansa."

Muryar Lahsan ta fito a gajiye. "Anir, ba wasa na aike ka ba. Ba ni ita."

Ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da fuska, kamar yadda ta saba.

"Lahsan, ka ci abinci?"

"Inna, don Allah..."

"Je ka ci. Ranar tsere ka zo ka tsaya a inda ake ƙarewa. Ka nemi mai launin lemo, ba za ka ɓata ba. Kuma ka taho da kujera."

Lahsan ya ja dogon numfashi a wayar.

"To, Inna. Zan kawo miki kujera."

"Ni? Wa ya ce tawa ce? Kai za ka zauna, ɗan nan. Na san ƙafafunka, ba za su iya tsayuwar jirana ba."