Buhun Gawayi a Tsakiyar Jawabina

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa Zumuntar Mata ta cocinmu a Unguwar Boro jawabi kan sauyin yanayi ba. Ana neman wadda za ta shugabanci sabon kwamitin muhalli, ni kuwa na ƙwallafa rai. Na ci kwalliya har da tabarau (alhali idona garau yake).

Na yi musu bayani cewa kowace ƙasa ta ɗibar wa kanta wa'adin rage hayaƙin da take fitarwa, har ya zo daidai da wanda dazuzzuka ke shanyewa. Turai ta ce 2050, Najeriya 2060, Indiya kuwa sai 2070. Da na tsaya a nan da na tsira, amma tafi ya ɗebe ni. Na ce wannan lalaci ne kawai, in da gaske ake yi kowa ya daina rana ɗaya. Na bugi ƙirji na ce ni tuni na yi sallama da gawayi, da gas kaɗai nake girki.

Ban rufe baki ba sai ga Malam Sani, mai kawo mini gawayi daga Kakau, ya tsayar da babur a bakin ƙofa da buhuna a baya. Ya leƙo cikin ladabi ya ce, "Maman Grace, na je gida an ce kina nan. Ina zan sauke na wannan watan?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama Saratu, tsohuwar shugabarmu, ta bari dariya ta lafa, sannan ta ce, "Zauna 'yata, ke ma ɗauki 2060 kamar ƙasarki."

Wata aka ba kujerar shugabancin kwamitin, kuma abin ya yi mini ciwo. A hanyar gida na gane abin da na tsallake a jawabina: wanda ya riga ya gina masana'antunsa, wuta ba ta ɗaukewa a gidansa, ba a sa shi tsere da mai fifita murhu.

Duk da haka na shiga kwamitin a matsayin mamba, na kuma yanka wa kaina wa'adi, ba fashi. Shayi da shinkafa sun riga sun koma kan gas. Tuwo zai bi su kafin Kirsimeti, ko ana ha maza ha mata. Wake da ganda dai su yi haƙuri, sai 2070.