Baƙin Mai a Kwalbatin Maƙabarta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka binne Baba Iro ba, ko da mutanen garinsu sun yi mini kara sun manta. Ni ɗan kasuwa ne, na saba in san abin da na fita da shi kafin in duba abin da na dawo da shi. Ran nan da abu uku na fita: alkawarin da na ɗaukar wa mutumin da ya mayar da ni mutum, sunan da na daɗe ina tattalinsa a tsakanin manoman Kura da Bunkure, sai kuma wata jar mota mai ƙofa biyu. A cikin ukun motar ce mafi arha, ita kuma na fi lallaɓawa.

Baba Iro shi ya tsince ni ina dakon kwandunan tumatur a bakin titi wajen Kadawa, ya zaunar da ni kusa da shi ya koya mini dillanci. A wurinsa na san ƙasan kwando ake dubawa ba samansa ba, na kuma san yadda ake yin shiru har mai kaya ya gaji ya faɗi farashin gaskiya. Karatun da ya fi nanata mini shi ne, "Kada ka taɓa nuna wa mai kaya inda yake yi maka ƙaiƙayi. In ya san buƙatarka, ya gama da kai." Da wannan karatu na yi gida, na sayi akori-kura, na sauke farali.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Da tsufa ya kwantar da shi, na je gaishe shi a ƙauyensu da ke bayan Bunkure, sai ya riƙe hannuna a gaban limamin garin da surukinsa Sabi'u, ya ce, "Ranar da aka kai ni, kai nake so ka shiga ramin ka karɓe ni."

Na ce, "Haba Baba, Allah ya ja kwana."

Ya ce, "Ba addu'a na roƙe ka ba, alkawari na roƙe ka."

Na ce na ɗauka.

Motar kuwa, shekarar da tumatur ya yi mini kyau na saye ta. (In ka ga mutum gemunsa ya fara furfura ya je ya sayi mota mai ƙofa biyu, kada ka yi masa nasiha, addu'a kawai za ka yi masa.) Rayuwata duk a bayan manyan motoci na yi ta, ina bin kaya a hankali kada tumatur ya fashe, 'ya'yan masu hali suna wuce ni kamar na tsaya. Na ce ni ma sai na ɗanɗana. Motar tana da gudu, amma aka ce mini akwai wani gareji a cikin Kano da ake ƙara wa irinta ƙarfi, sai na kai ta.

Ba irin garejinmu na gindin bishiya ba ne. Ƙasa shafe da tayil, motoci a ɗage a sama, ga wasu samari 'yan gayu zaune a kujeru suna jiran nasu. Mai wurin, Injiniya Bulus, mutumin Filato ne, mai natsuwa, Hausarsa tas. Ya jona kwamfuta a jikin motar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo.

"Alhaji, ka san zugazugin maƙeri?"

Na ce na sani.

"To shi ne turbo. Yana tura wa inji iska, wuta ta ƙara ci. Za mu sa mata babba, mu sauya lissafin da ke ƙwaƙwalwar motar don ta san yadda za ta sha mai da iskar, mu sa salansa mai faɗi don hayaƙi ya fita da sauri. In gudu ya ƙaru kuma, sai an sauke ta ƙasa ta kama titi sosai, kada kwana ta ɗauke ta. Amma kafin in taɓa komai, a ina za ka riƙa hawanta?"

Nan ne na yi abin da ya ja mini komai. Kunnena ya ji tambayar mai kaya yana laluben buƙatata. Ga kuma samarin nan sun ɗago suna kallon takalmina. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Kwalta kawai. Kano, Kaduna, Abuja."

Ya durƙusa ya shafo cikin taya ya nuna mini yatsansa. "Na ga jar laka a nan. Ba ka shiga gona da ita?"

Na ce, "Ta wanda na saya a hannunsa ce."

Ya ce, "To shi ke nan, kai ka san hanyarka."

Muna cikin haka wani daga cikin samarin ya tayar da tasa, ya taka totur ya saki, sai salansar ta yi tau! tau! kamar bindiga. Na tambaya mene ne wannan. Injiniya ya ce, "Wannan ba ya ƙara gudu ko kaɗan, ado ne na yara." Na ce a sa mini. (Allah ya gani, da bakina na faɗa, ba wanda ya tallata mini.)

Da na karɓo ta, gaskiya aikin ya yi. In na taka ta a titin Zariya sai in ji bayana ya manne da kujera. Cikinta kuwa ya kusa shafar ƙasa, ko kaza ba za ta iya wucewa ta ƙarƙashinta ba. Na san da haka, shi ya sa ban taɓa sauke ta daga kwalta ba.

Ina kasuwa da hantsi, lokacin ana tsakiyar ɗiban tumatur, Sabi'u ya kira ni. Muryarsa kaɗai ta gaya mini. Ya ce, "Yaya Alhaji, Baba ya cika. An gama wanka, ana haɗa shi." Na ce su jira ni. Ya ce, "Ka san Liman ba ya jinkirta gawa. Ka dai yi sauri."

Akori-kurata tana tsaye an cika ta da kwanduna. Na faɗa jar motar, kafin hawayena ya bushe na isa mararrabar da ake sauka daga kwalta. 'Yan acaɓan da ke wurin suka taso suna ɗaga mini hannu. Ɗayansu ya ce, "Alhaji, ajiye ta nan mu kai ka, hanyar kanal ba ta wannan ba ce." Shawara ce ta gaskiya, kuma kyauta. Na gaya wa kaina sauri nake yi. Amma in zan faɗi gaskiya, a ƙarƙashin baƙin cikin nan akwai wani ɗan abu da yake so mutanen garin da suka san ni da gammo a ka su ga abin da na zo a ciki.

Wanda ya san hanyar bakin kanal ya san siririn tudu ce, ruwa a gefe guda, gonaki a ɗaya gefen, taraktoci sun haƙa sawu biyu sun bar doro a tsakiya. Na riƙa lallaɓawa ina jin cikin motar yana gurzar ƙasa, masu keke suna wuce ni. Daga ƙarshe na iso kwalbatin da ake haye kanal a shiga garin. Faɗinsa na amalanke ɗaya ne, tsakiyarsa kuma a tashe. Maƙabarta tana wannan ɓangaren da na fito, filin da ake sallar gawa yana tsallake, kusa ƙwarai. Ina hango sahu an daidaita, makara a gaba.

Na hau kwalbatin. Na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, motar ta tsaya cak, ta ɗare a kan cikinta.

A daidai lokacin Liman ya yi kabbarar farko. Abin da mai hankali zai yi a fili yake: ya buɗe ƙofa ya ruga ya shiga sahu. Ni kuwa ɗan kasuwan da ke cikina ya ce ba a barin kaya a kan hanya. Na sa ribas, na taka totur, tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Na ƙara takawa da ƙarfi, turbon ya yi wani dogon fito, na ji tsoro na saki.

Tau! Tau! Tau!

Sallar gawa shiru ce, ba ruku'u ba sujada, ko tarin mutum ana ji. Ina kallo ta gilashi sahun baya ya watse, wasu suka kwanta a ƙasa, wani dattijo ya faɗa cikin gonar albasa. Liman da na gaba ba su motsa ba, suka ƙarasa kabbarorinsu suka sallame. Ni ina zaune riƙe da sitiyari. Sallar Baba Iro ta wuce ni ina kallonta.

Aka ɗauko makara aka nufo maƙabarta, hanya kuma ɗaya ce, ni na toshe ta. Masu ɗauke da shi suka iso gaban motar suka tsaya. Ana cewa gawa ba ta jira, amma ran nan gawar Baba Iro ta tsaya a rana tana jiran motata. Na fito ban iya ɗaga ido ba. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da na ji sauƙi. Majiya ƙarfi suka kewaye motar suka ce bismillah, suka ɗaga ta suka yi baya da ita. Wani a cikinsu ya ce a hankali, "Ku bi sannu, kada a ƙwarzane wa Alhaji fenti."

Da aka sauke ta a gefe sai ga abin da ya faru. Kaskon da baƙin mai yake zama a ƙarƙashin inji ya fashe, man yana kwarara yana gangarawa kanal, ranar kuma an saki ruwa. Wani manomi ya ɗaga murya, "Mai zai shiga ruwa! Gonakin mutane!" Ruwan nan shi kowa yake shayar da shukarsa, har da waɗanda nake sayen kayansu. Na durƙusa na cusa hulata a wurin da ya fashe, na riƙa jawo ƙasa da hannu ina yi wa man shinge. Makara ta wuce ta bayana. Sai da man ya tsaya na miƙe na bi su da gudu, ina goga hannuwana da ƙasa, baƙin mai kuwa ba ya jin ƙasa.

Na tarar an sauke shi a bakin kabari. Liman mutum ne mai riƙon amana, ya ce, "Ina Alhaji? Marigayi ya bar wasiyya, ni shaida ne." Mutane suka dare suka ba ni hanya. Na matso na miƙa hannu. Sai a lokacin na ga abin da kowa yake gani: hannuwana baƙi ƙirin har gwiwar hannu, gaban rigata yana naso, mai yana ɗiga daga yatsuna. Liman ya dubi hannuwan, ya dubi likkafanin.

Ya ce, "Alhaji, fari aka sa masa."

Ba sabulu a maƙabarta, ba kuma za a ƙara tsayar da shi saboda ni ba. Sabi'u ya tuɓe takalmi ya ce, "Yaya, bari in karɓar maka." Ya shiga. Na koma gefe na tsaya da hannuwana a sararin iska, kada su taɓa kowa.

A wurin zaman makoki, wani tsoho abokin wasan marigayin ya karɓi gaisuwata, sannan ya ce, "Iro bai yi soja ba, amma ga shi an harba masa bindiga." Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ban ga laifinsu ba.

Da aka jawo motar zuwa Kano, Injiniya Bulus ya ɗaga ta ya leƙa ƙasanta, ya ciro wani ganyen albasa da ya maƙale. Ya ce, "Alhaji, wannan kwaltar Abuja ce?" Na zauna na gaya masa komai. Bai yi dariya ba. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Da ka faɗa mini, da na bar mata tsayinta, na sa mata farantin ƙarfe a ƙasa. Gudun za ka samu, kwalbatin ma za ka haye."

Karatun Baba Iro bai yi ƙarya ba, ni na kai shi inda ba wurinsa ba. Mai kaya ake ɓoye wa buƙata. Wanda ka kai wa abu ya gyara maka, in ya tambaye ka hanyar gidanku, ka gaya masa, ko da ta cikin laka ce.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Motar an gyara ta, ɗaya daga cikin samarin nan ya saye ta don son ƙarar salansar, har riba na ci. Suna ya ɗan dawo, don manoma sun ci gaba da ba ni kaya, sai dai har yau in za a yi wa baƙo kwatance a garin ana cewa ya haye kwalbatin Alhaji. Alkawarin kuwa, na zaga kasuwanni da yawa a rayuwata, ban ga inda ake sayar da shi karo na biyu ba.