Yadda Za Ki Ɓoye Takardar Banɗaki Naɗi Ɗari Biyu a Gida Mai Ɗaki Biyu

Uwargida, kwantar da hankalinki, kin faɗo hannun gwana. Idan kika bi matakan nan bakwai ba tsallake, na yi miki alkawari gari zai rasa takardar banɗaki ke kina da ta jikoki, kuma babu maƙwabciyar da za ta daina gaishe ki.

Dabarar ta Fumie Kuwabara ce, matar hawan ƙasa a benenmu na bayan garin Osaka. Ta gwada ta a watan Nuwamban 1973, shekarar da man fetur ya yi wuya aka ce takarda ma za ta ƙare. Ni ina hawa na huɗu, kuma Allah ya hore mini kunne. Abu biyu Fumie take tsoron rasawa: takarda, da kuma Tokiko Anzai, aminiyarta ta hawa na biyu, wadda suke shan shayi tare kullum da hantsi shekara shida. Ta ci alwashin ba za ta rasa ko ɗaya ba.

Mataki na ɗaya: Ki yarda da jita-jita tun tana da ɗumi

Kada ki tsaya bincike. Mai bincike ita ce ke isa kanti ta tarar da katako. Za ki ji tsofaffi suna cewa kakanninmu da ɗan itace da ganye suka yi rayuwarsu, iyayenmu kuma da tsohuwar jarida, ba wanda ya mutu. Ki ce musu to. Su masai na rami gare su, wanda ko takalmi aka jefa masa zai haɗiye ya yi godiya. Mu 'yan bene namu na ruwa ne, mai tsirfa, ba ya karɓar komai sai takarda mai laushi. Bututu ɗaya ne ya ɗauko hawa biyar ɗin nan, ya sauko ta bayan banɗakin Fumie kafin ya shige ƙasa.

Zancen bututun nan ba shi da wani amfani, ki manta da shi kamar yadda Fumie ta manta.

Mataki na biyu: Ki yi sayayya kamar ba ke ba

Kantuna sun ce ƙunshi ɗaya ga mutum ɗaya. To ki zama mutum uku. Fumie takan shiga layi da ɗankwali, ta fito ta cire, ta koma da tabarau ɗin mijinta, ta sake komawa da rigar ruwa tana ɗan ɗingishi. Kada ki yi a kantin unguwa. Ki hau jirgin ƙasa ki wuce tasha uku, ki ɗaure kayan a ƙyalle, ki ɗora ganyen albasa a sama yana leƙe.

Idan an gane ki, kada ki rikice. Wani dattijo mai kanti ya taɓa duban Fumie ya ce, "Uwargida, kamar ɗazu na sallame ki?"

Ta ce, "Ƙanwata ce, kowa haka yake cewa."

Ya ce, "Ikon Allah. To ga lemar ƙanwar taki ta manta. Ki gaishe ta, ki ce ina yi wa yayarku mai ɗingishi sannu da ƙafa."

Fumie ta karɓi lemarta ta yi godiya. Mace mai manufa ba ta jin habaici.

Mataki na uku: Ki samo maɓoya

Gidajenmu ɗaki biyu ne, in kika yi atishawa a ɗaya sai a ce miki sannu a ɗayan. Wuri ɗaya ne ke da zurfi, wato kabad ɗin bango da ake naɗe katifu a zuba kowace safiya. Fumie ta cika shi sama da ƙasa, naɗi ɗari biyu da huɗu, har ƙofar tana nishi in za a ja ta.

Za ki ce katifun fa? Haka mijinta Shozo ya tambaya yana ɗaura agogo.

"Ke Fumie, katifun nan a baranda za su tare?"

"Iska suke sha, maigida."

"Yau kwana takwas suna shan iska. Jiya har ruwan sama suka sha."

"In ranar ta zo ka shiga banɗaki ka miƙa hannu ka ji wayam, kada ka kira sunana."

Shozo ya ɗauki jakarsa ya tafi kama jirgi. Namiji ba ya gardama da wadda ke riƙe da takarda.

Mataki na huɗu: Ki rufe ƙofa da murmushi

Daga yau babu baƙo. Idan aminiyarki ta sauko da tukunyar shayi, ki tare ta a bakin ƙofa ki ce gidan a hargitse yake, ku hau nata. Fumie ta yi haka sati biyu. Tokiko ba ta taɓa tambayar dalili ba, sai dai ta ƙara tafasa ruwa ta fito da alewar wake.

Mataki na biyar: Ki fi kowa kukan rashi

Nan gwaninta take. Mace mai shiru a lokacin rashi ita ake zargi, don haka in mata sun taru a gindin matakala, muryarki ta fi ta kowa. Amma ki sa gishiri daidai miya. Fumie ta zuba har ya yi yawa. Ta ce saura mata rabin naɗi, ta ce ba ta iya cin abinci don tunani, sai ga hawaye na gaske suna zuba, domin tsoron nata dai ba na ƙarya ba ne. Ta girma a shekarun bayan yaƙin duniya na biyu, ta san ranar da ake buɗe tukunya a ga gindinta.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Tokiko ce, da naɗin takarda ɗaya a ƙunshe cikin ƙyalle mai ruwan toka.

"Fumie-san, ga wannan, ba yawa."

"Haba Tokiko-san! Ke da tsohuwa a gida?"

Surukar Tokiko tana wurinsu, ta haura tamanin, kuma tana yawan zagayawa.

Tokiko ta ce, "Mu 'yan ƙauye ne, mun san dabara. Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Ki karɓa. In kika ƙi, kin tona kanki. Fumie ta karɓa da hannu biyu ta sunkuya, ta rufe ƙofa ta tsaya riƙe da shi. Ta kasa haɗa shi da na kabad, ta kasa kai shi banɗaki. Ta ɗora shi a kan firji, ta daina kallon wajen.

Mataki na shida: Kada ki tambayi da me na sama suke amfani

Ba huruminki ba ne. Idan kin ji ƙarar almakashi yana cin jarida ta saman silin, ki ƙara muryar rediyo.

Kwana tara bututun ya yi haƙuri. Rana ta goma da safe, Fumie tana yanka kabeji ta ji banɗaki yana wani irin gurnani. Kafin ta ajiye wuƙa ruwa ya tsallako dokin ƙofa, ya bi tabarma, ya nufi kabad kamar an ba shi kwatance. Ba zan faɗa miki launinsa ba, muna da tarbiyya. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Ihunta ya sauko da mu duka. Tokiko ce a gaba da bokiti da tsumma, ta durƙusa a bakin ƙofa goshinta na neman ƙasa.

"Laifina ne, Fumie-san, jaridarmu ce. Ki yafe mini."

Sai ta miƙe ta tattare hannun riga, ta taka ruwan nan ba ƙyama, ta wuce Fumie da ke fama da tabarma, ta tafi kai tsaye ga kabad.

"Bar tabarmar, ta riga ta tafi. Zo mu ceci takardar tukuna, na saman ba su jiƙe ba."

Ta ja ƙofar. Na ƙasa sun sha ruwa sun kumbura sun zama fate. Na sama suna jere fari fat, mu mata bakwai muna tsaye muna ƙirgawa da ido.

Mataki na bakwai: Kada ki ce "Tun yaushe kika sani?"

Wannan matakin Fumie ta karya, shi ya sa nake ja miki kunne. Bayan mai gyaran famfo ya zaro dunƙulen jarida ya tafi, ita da Tokiko suna matse tsumma, ta tambaya ba ta ɗago ba.

Tokiko ta ce, "Barandata a kan taki take, 'yar'uwa. Macen da ta bar katifa a ruwan sama, ai wani abu ne ya ƙwace wa katifar ɗaki."

"To don me kika ba ni naki? Na ƙarshe ne fa!"

Tokiko ta matse tsummanta ta shanya a bakin bokiti. "Kukan da kika yi ba na wasa ba ne. Na duba na ga ni ina da ɗaya ina barci, ke kina da ɗari biyu ba kya yi. Sai na ce kin fi ni buƙata."

Da Tokiko ta zage ta, da Fumie ta samu abin riƙewa. Ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar tabarma ta yi kuka irin wanda ba a koyarwa a mataki na biyar. Kafin azahar naɗi casa'in da suka tsira sun hau bene, gida-gida, ita da kanta take ƙwanƙwasawa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ni na samu shida, ban ce a'a ba. Na kan firji ta kai wa Tokiko, Tokiko ta mayar da hannuwanta baya ta ce kyauta ba ta hawa bene sau biyu, Fumie ta sauka ta ɗora ruwan shayi, yau a hawan ƙasa za a sha.

Ba a yi wata huɗu ba takarda ta cika kantuna har ana rage mata kuɗi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin tabarmar kowa ba, ko katifa, ko bututu, ko abin da miji zai faɗa a tashar jirgi. Na yi alkawarin ba za a daina gaishe ki ba, kuma ba a daina gaishe da Fumie ba, sai dai ban ce gaisuwar za ta yi miki sauƙin amsawa ba. In kika bi shawarata kika wayi gari da naɗi ɗaya a kan firji, ya yi rawaya, kin sauya firji uku yana nan, kin kasa amfani da shi kin kasa yarwa, kada ki hau hawa na huɗu nemana. Ki tsaya a na biyu.