Dama a Shagon Wa, Hagu a Shagon Ƙane

A layin 'yan takalma na kasuwarmu akwai wa da ƙane, Alhaji Lawwali da Alhaji Mamuda, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka shekara bakwai ko gaisuwa ba ta haɗa su. Dalilin ma abin kunya ne a faɗa. A kan tsohuwar kujerar mahaifinsu ce suka ɓata, kujerar da yanzu haka kaji ke kwana a kanta a gidan yayarsu. Da tsohon ya rasu aka raba shagonsa mai ƙofa uku, kowa ya ɗauki ta gefe, ta tsakiya kuma suka ba ni haya don kada inuwar wani ta taɓa ta wani. Safa nake sayarwa da man goge takalmi, amma babban aikina a layin nan shi ne zama katanga.

Kayansu iri ɗaya ne sak. Dila ɗaya ke kawo musu daga Aba tun zamanin mahaifinsu, kuma ba mai yarda ya sake shi, don kada ɗan'uwan ya ce ya kore shi. In Lawwali ya saro baƙi mai igiya da safe, kafin la'asar Mamuda ya jera irinsa.

Abu ɗaya ne ya raba su. Duk mai sayar da takalmi ya san ba a baje ƙafa biyu a waje. Ƙafa ɗaya ake ɗorawa a kan tebur, 'yar'uwarta na ciki a kwali, don ko ɓarawo ya ɗauka ya rasa abin yi da ita. Lawwali ƙafar dama yake bajewa, wai da dama ake fara duk abin albarka. Mamuda da ya ga haka ya rantse shi ba ɗan kwaikwayo ba ne, ya baje hagu.

To shi Lawwali yana da wata magana da ta fi ƙarfin bakinsa. Ko ruwa ka kawo masa sai ya gaya maka: "Shekara talatin ina kasuwa, ko igiyar takalmi ba a taɓa ɗaukar min ba." Ya faɗa, ya faɗa, har maganar ta kai kunnen Sarkin Kasuwa daidai lokacin da ake neman shugaban kwamitin tsaro. Sarki ya ce to madalla, Lawwali ya tara masu jiran shaguna ya koya musu yadda yake yi, in jama'a sun gamsu kujera tasa ce. Lawwali bai jira an gamsu ba, ya ɗinka sabuwar babbar riga ta shadda. Tunda aka raba shi da kujerar uba, ban taɓa ganin ya ƙwallafa rai a kan wani abu kamar wannan ba.

Ni kuwa na san wani abu. Akwai buhu a bayan kwalayensa, na sha ganinsa ta tsagar katako yana cusa takalmi ƙafa ɗaya a ciki yana waige-waige. Da na tambaya ya ce waɗanda kamfani ya ɓata ne. Mamuda ma yana da irin buhun, shi ya ce ɓeraye ne ke jan masa ƙafa ɗaya. Wallahi ni da ke tsakiya kaina bai kawo komai ba, abin da har yau yake ba ni haushi.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a rumfar Sarkin Kasuwa, kowa ya tuɓe takalminsa a bakin tabarma ya zauna. Mamuda ya zo, amma bai zauna ba, ya jingina da turken rumfa yana latsa waya, wai shi inuwa ya zo sha. A sahun gaba kuwa ga Malam Jatau, wani dattijo tsaf-tsaf mai farin gemu da carbi, wanda duk layinmu aka sani. Kullum sai ya zo ya gaisa, ya taya kaya, ya yaba, ya yi addu'a ya tafi. Bai taɓa sayen ko safa ba, amma Lawwali har benci yake gyara masa.

Lawwali ya gyara murya. "Ɓarayin shago kala-kala ne," in ji shi. "Akwai mai babbar riga. Zai jingina da teburinka kamar ya gaji, ya saki hannun riga a kan kaya, in ya ɗaga sai ka ga wurin ya zama fili. Akwai 'yan biyu, ɗaya ya riƙe ka da ciniki har da rantse-rantse, ɗayan na aiki ta gefe. Akwai mai cewa miƙo min wancan na can sama, kana taka benci ya gama da kai. Akwai mai gwaji, ya sa sabo a ƙafa, ya zuba maka tsohonsa a kwali ya rufe, ya ce bai yi masa ba. Sannan akwai mai zuwa daidai kiran salla, lokacin da hankalinka ya koma kan buta."

Malam Jatau na ta gyaɗa kai. "Haka ne, Alhaji. Wallahi haka ake yi."

Lawwali ya ji daɗin samun mai fahimta, ya ƙara buɗe kafaɗa. "Maganinsu kuwa mai sauƙi ne. Kada ka fito da kwali biyu a lokaci guda. Kada ka mayar da kwali ba ka buɗe ba. Ka kafa madubi a kusurwa, kada ka ba baƙo baya, kuma ƙafa ɗaya a waje. Amma babban makami shi ne gaisuwa. Duk wanda ya zo, ka gaishe shi, ka kalli ƙwayar idonsa. Mutumin da kake gaisawa da shi ba ya cutarka."

Mamuda ya yi wani ɗan tari daga jikin turke, ba wanda ya kula shi.

Da a nan Lawwali ya tsaya, da yanzu yana kan kujera. Amma tafi ya yi masa daɗi, ya ce bari ya ƙara musu wani sirri da mahaifinsa ya bar masa. Duk takalmin da ya baje a waje, in ji shi, yana ɗiga masa jan fenti a kwarmin da ke gaban dunduniya, inda ba ya taɓa ƙasa. Ranar da ya sayar, da hannunsa yake gogewa da kananzir. "Don haka duk takalmin da kuka gani a ƙafar mutum da jan ɗigona, na sata ne. Ko da yake ni, kun sani, ba a taɓa ba. Bari in nuna muku wurin."

Ya sunkuya ya ɗauki takalmin da ya fi kusa da shi a bakin tabarma, ruwan ƙasa, ƙafar dama, ya juya shi ya ɗaga sama. "Kun ga, daidai nan ake..."

Sai ya ƙura wa ƙasan takalmin ido. Ɗigon na nan ja wur, kowa na kallo.

Sarkin Kasuwa ya ce, "Takalmin wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Jatau, ko carbinsa bai daina ja ba.

Lawwali ya ce wataƙila ya sayar ne ya manta bai goge ba. Wani daga baya ya ce, "Alhaji, yaushe Malam Jatau ya fara saye?" Ana cikin haka Mamuda ya bar jikin turke, ya zo ya ɗauki ƙafar hagun ya juya. Ɗigo ne a wurin, amma shuɗi. Uba ɗaya ya koya musu, kalar fenti kawai ya sauya. Bai dubi yayansa ba, ni ya duba.

"Gaya masa wannan tawa ce."

Na gaya masa, ko da yake taku biyu ne tsakaninsu.

Sarki ya dubi dattijon ya ce ya yi bayani. Malam Jatau ya gyara zama kamar mai ba da karatu. "Ranka ya daɗe, ba wani abin wahala ba ne. Ranar Litinin in zauna wajen Alhaji babba mu gaisa, in ga wadda ta yi min, in tashi da dama. Ranar Laraba in biya wajen Alhaji ƙarami in ɗauki hagunta. Lamba ɗaya, kala ɗaya, ɗinki ɗaya. Wasu in sa, wasu in kai ƙauye."

"To me ya kawo ka nan yau?"

"An ce za a faɗi dabarun sata, na zo in ji ko an samu sabuwa. Ba a samu ba. Sai dai wannan ta fentin, ita kam Allah ya saka wa Alhaji, ban san da ita ba."

A nan ne na tuna da buhunan, bakina kuma bai iya riƙewa ba. Sarki ya sa aka ɗauko su aka zazzage a tsakiyar tabarma. Na Lawwali duk hagu, na Mamuda duk dama. Jama'a suka shiga haɗawa, kowace ta sami 'yar'uwarta, ƙafa goma sha huɗu-huɗu, ba wadda ta yi saura. Rumfar ta kaure da dariya, har Sarki sai da ya rufe baki da gefen rawani. Ni dai tausayin Lawwali ya kama ni. Gumi ya jiƙa masa sabuwar shadda, yana tsaye yana kallon kujerarsa ta biyu na tafiya.

Amma bai saduda ba. Ya ce jama'a su shaida dabararsa ce ta kama ɓarawon. Da ya ga ba wanda ya tafa, sai ya juya kan dattijon.

"Kai kuma marar kunya, faɗa min a gaban mutane, me na rage? Madubi na kafa. Ƙafa ɗaya na baje. Baya ban taɓa ba ka ba. Kullum sai na gaishe ka, na kalli idonka, na tambayi iyalinka. Wanne ne ban yi ba?"

Malam Jatau ya dubi ƙafafunsa da ba takalmi, ya dubi Mamuda, sannan ya ɗago.

"Gaisuwarka ba laifi, Alhaji, sai dai ni ka yi ta yi wa. Da ƙaninka ka yi wa ko sau ɗaya, da shekara bakwai ke nan ina yawo ƙafa ƙasa."