Tsarabar Lucerne a Gorar Zamzam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida uwar mijina ba. Lokacin ana maganar aurenmu da Nura, Hajiya kuwa ta zo daga Kano ganin likitan gwiwa, ta sauka gidan 'yarta Anti Bilki a unguwar Aston, nan ƙasar Turawa inda muke zaune. Nura ya ce in Hajiya ta yaba da ni, magana ta ƙare.

A satin ne na dawo daga taron jami'a a Lucerne, wani tsohon gari a bakin tafki a Switzerland. Ƙauyanci kam na yi shi! Na taka gadar katakonsu mai rufi da ta shekara ɗaruruwa, na ga zakin da aka sassaƙa a jikin dutse don tunawa da sojojinsu. Da mai zagayawa da mu ya ce ruwan tsofaffin famfunan garin ana sha, sai na ciro 'yar gorar Zamzam ɗin da Mamata ta ba ni (ruwan ya daɗe da ƙarewa), na cika ta a wani famfo da ke ƙarƙashin wani mutum-mutumi. Har bidiyo na ɗora a status.

Daga unguwarmu Rusholme na hau mota da ledar tsaraba: cakulan da mayafi. Ashe gorar na ciki.

Na durƙusa na gaida Hajiya, na miƙa leda. Tana buɗewa ta ciro gorar, idonta ya kawo ruwa.

"Allahu Akbar! Yarinyar nan ta san ciwona. Bilki, kama ni in miƙe."

Innalillahi! Ina kallo baiwar Allah ta fuskanci alƙibla, ta yi bismillah, ta kurɓa sau uku, ta shafa a gwiwa tana addu'a. (Abin kunya, har "amin" na ce.)

Sai Anti Bilki ta ƙura wa gorar ido.

"Ƙanwata, ba wannan kika tara a status ba? Wajen gunkin nan mai hula?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na faɗi gaskiya, na riga na sallama auren.

Hajiya ta dubi gorar, ta dubi gwiwarta, ta dube ni.

"Shi ya sa na ji shi salam. To 'yata, kina gani ina shafa ruwan Turawa, kika ce amin?"

Aure dai an yi, har da 'ya'ya biyu. Na koyi duba leda kafin in miƙa wa babba. Amma har gobe in na kawo wa Hajiya ruwa, sai ta ɗaga kofin ta ce, "Wannan kuma na wane gunkin ne?"