Ranar da na gasa karfasa da turaren wuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga kicin ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu Yalwawa ba za su bari ba.

Ni direban tifa ne. Yashi da dutse na sani. Tun da na auri Maman Asiya ban taɓa dafa ko ruwan shayi ba (ba alfahari nake ba, haka abin yake). To bara aka yi mata aiki a ciki, aka sallamo mu, ta dawo gida ta daina cin abinci. Tuwo ta kau da kai, shinkafa ta ce wari take mata. Likita ya faɗa min a gabanta cewa in ba ta ci ba zai sake ba ta gado. Ya ce a gwada farin kifi, ban da barkono, ban da suya. Matar da ke cika gida da faɗa ta koma sai kallon silin. Wallahi na fi son faɗan.

Na kira 'yarmu Asiya da ke aure a Kano, lokacin cikinta ya tsufa ba ta iya tafiya. Ta ce, "Baba, ai akwai obin, wato wurin gashi, a jikin murhun gas ɗin da na aiko wa Mama. Ka shafa wa kifin gishiri da lemon tsami da ɗan mai, ka saka, shi ke nan. Ko ka yi mata miyarsa da madara da dankali."

Na ce kifi da madara? Mu da muka tashi a ruga ba ma haɗa su.

Ta ce, "Baba, ka dai yi."

Ran Juma'a bayan an sauko na sayo karfasa manya guda biyu. Na ce bari in fara da ɗaya. Na kankare, na wanke, na shafa abin da aka ce. Da na buɗe obin ɗin nan sai na hango wasu gwangwanaye a jere can ciki. Ni da na saba da inji, na san duk abin da ka tarar a ciki da aikinsa, ba a taɓawa. Na ce cikin kayan murhun ne. (Eh, na ji. Ku yi dariyarku.) Na kunna, na tura kifi, na rufe, na zauna bisa turmi ina jin kaina wani babba.

Ana haka sai ga sallama. Yaya Gambo ce, yayar Maman Asiya, ta taso daga Kiyawa da mata cike da Keke, sun zo dubiya. Ta leƙo kicin ta gan ni da zanin ƙanwarta ɗaure a ƙugu.

"Ikon Allah! Malam, tifar ce ta lalace?"

Na ce girki nake. Suka shige ɗaki suna ƙunshe dariya.

Ba a jima ba na fara jin ƙamshi. Ba na kifi ba. Irin ƙamshin nan na gidan da aka kai amarya. Na ce to, haka girkin zamani yake. Can sai ji na yi fau! Sai wani fau! Na ɓalle murfin, hayaƙi fari fat ya buge ni a fuska. Ya cika kicin, ya cika tsakar gida, ya haura katanga. Maƙwabciyarmu ta ɗaga murya daga gidanta: "Maman Asiya, biki ake ba gayyata?"

Mata suka fito suna tari. Ni kuma ga ni tsaye da tire a hannu, ido na hawaye, zani ya kwance, kifi ya yi baƙi yana ƙamshin sandal. Yaya Gambo ta sunkuya ta duba obin, ta ɗago ta tafa hannu.

"Turaren wutarta ne! Jama'a, ya gasa turaren wuta! Angon kifi, Allah ya ba da zaman lafiya!"

Ashe tun da aka kawo murhun, saman kawai ake girki. Cikin kuwa ma'ajiya ce, nan take ɓoye turaren da ta haɗa da hannunta don kada masu "ɗan sam min" su ƙarar. Duk macen da ke wurin ta san haka ake yi. Ni kaɗai ne baƙo a gidana.

Ina neman inda zan sa kaina sai na ji wata dariya daga bakin ƙofar ɗaki. Maman Asiya ce, ta dafa bango, ɗaya hannun a kan ɗinkin, tana cewa, "Wayyo, ku bari, zai farke!" Rabona da jin dariyarta tun kafin asibiti.

Ta ce a kawo mata kujera. Ta zauna a ƙofar kicin ta fara ba da umarni kamar da. "Ɗauko ɗayan kifin. Ba haka ake riƙe wuƙa ba. Cire ƙayar tas. Dankalin ƙanana. Rage wutar, madarar za ta tsinke!" Yaya Gambo na ta cewa kifi da madara ba kyau, ita kuwa ta ce likita bai hana ba. Miyar ta fito fara, mai kauri. Ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi kaɗan, albasa ta yi yawa. Tana kushewa tana sha, har ta ga ƙasan kwanon.

Da baƙi suka tafi na ce ta yi haƙuri da turaren. Ta ce, "Dama na ajiye ne in na warke in turara maka ɗaki. Ka riga ni, har da unguwa ka haɗa."

Har yau in na wuce da tifa akwai masu kiran "angon kifi". Ina ɗaga musu hannu. Abin da na koya dai, kafin ka kunna komai a kicin ɗin mace, buɗe ka tambaya. Ni na kai shekara hamsin ban san ana ajiye kaya a cikin wuta ba.