Odar Gwadabe

"...Lafiya ƙalau, bawana. Ina gajiyar zaman bakin hanya?"

Tukur makanike ne ke gaisuwar, yana jingine kekensa. Gwadabe direba, taubashinsa, shi ya aika a kira shi daga Gaya. Babbar motarsa mai tanki biyu ta mutu a hanyar Ajingi, ga buhunan gyaɗar mutanen Balan a baya, ga masu gyaɗar sun yi jugum a gindin kuka, kasuwa kuwa tana ta ci.

"Wa ye bawanka? Aikinka ne ya kunyata ni! Shekaranjiya ka haɗa min wayar bawul ɗin nan, ka ce in tankin gaba ya ƙare in murɗa makunni, mai ya taho daga na baya. Na murɗa har yatsana ya kumbura."

"Tankin bayan da mai?"

"Fal!"

"Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Ni da Turawa ke aiko wa daga Ikko in duba musu jirgi?"

"Jirgin kara ko? Kai da kwan fitila ma sai ka yi istihara kafin ka ɗaura."

Wata tsohuwa, Hansai, ta ɗaga murya. "Ku yi wa Allah ku bar surutu! Da gyaɗar nan zan sayi maganin jikata, in 'yan awo suka tashi na shiga uku."

"Yi haƙuri, Iya. Kai, murɗa makunnin in ji."

Gwadabe ya murɗa. Sai ji aka yi "Paaam!" Awaki suka watse, wani dattijo ya yar da carbinsa.

Tukur ya shige ƙarƙashin mota, ya fito riƙe da jar waya. "Gwadabe, wa ya sa wa motar nan sabuwar oda?"

"Oda? Ai... da ita ta zo."

"Daga ina, daga cikin uwarta? Wayar bawul ɗina ka tsinke ka ba oda! Karambanin akuya, gai da kura."

"To wayoyin ne duk kamarsu ɗaya."

"Shi ya sa mota tana kukan ƙishirwa kai kana ba ta waƙa."

Tukur ya mayar da wayar mazauninta, ya ɗaure ta tamau. Da aka murɗa makunni sai bawul ya yi ƙas, aka ba motar wuta ta tashi. Hansai ta rangaɗa guɗa, mutane suka yi ta rububin hawa.

Gwadabe ya kwance odar yana dariya, ya miƙa wa Tukur.

"Na bi, ranka ya daɗe. Ungo, ɗaura wa kekenka."

"Keke da odar gingimari?"

"Ai bakinka ma haka yake, kuma an bar ka da shi."